Inuwar da Ta Iso Bayan Inna

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya fitar da ɗanyen ganye daga busasshen reshe, ya ba kowane abu mai tsayuwa inuwarsa. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Tunau, mutumin Birnin Marmara, wanda ya ƙetare Hamadar Gishiri sau biyu, ya fita da ɗan'uwa ya dawo ba shi da ɗan'uwa, alhali kuwa ɗan'uwan nan yana raye. Ku da kuke zaune a wannan inuwa kuna miƙe ƙafa, ku gyara zama ku ji yadda aka yi ta zo nan.

Da itatuwa na buɗe ido na ga birninmu. Tsamiya a kasuwa, ceɗiya a ƙofar masallaci, durumi a ƙofar fada, maɗaci a kowane lungu. Ana nan sai wata rana Sarki Ɓaidu yana zaune gindin durumi yana yanke shari'a, balbela ta yi masa aika-aika a kan rawani. Wani bafade ya kasa riƙe dariya. Kafin la'asar an yi shela cewa duk abin da tsuntsu zai iya sauka a kansa a sare shi, a kuma shimfiɗe birni da baƙin dutse don kada wani abu ya sake tsirowa. Aka yi haka. Baƙi suka riƙa zuwa kallo suna cewa ba su taɓa ganin gari mai sheƙi irin namu ba, mu kuma muna ta hura hanci.

Sai bazara ta zo. Dutsen nan ya riƙa haɗiye rana tun hantsi, idan ta faɗi kuma ya yi ta amayar mana da ita har asuba. Jakuna suka ƙi shiga gari. Kaji suna tafiya baki buɗe. Jarirai da tsofaffi suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, har masu haƙa kabari suka daina mayar da diga gida. Mahaifiyata, Inna Tabawa, tana da ciwon fuka, kuma zafin nan ya same ta a ƙirji. Takan zauna kan tabarmarta a ƙofar gida tana jan numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Ta tsallake bazara biyu da ƙyar. Mai magani ya ja ni gefe ya ce, "Nomau, ba zan ɓoye maka ba. Ta uku ba za ta bar ta ba, sai in an samo mata sanyi."

A lokacin ne wani falke ya ba mu labarin Birnin Rassa, can bayan Hamadar Gishiri, inda rana ɗaya ce da tamu amma mutane suke yawo da tsakar rana ba takalmi. Na ce zan je in samo asirinsu. Jatau ya ce ƙafata ƙafarsa.

Jatau ɗan ƙanwar Inna ne. Uwarsa ta rasu ranar da ta haife shi, Inna ta ɗauke shi ta haɗa mu a ƙirjinta. Nono ɗaya muka sha, akushi ɗaya muka ci, bulala ɗaya muka sha. Da kwana arba'in kacal na girme shi, amma Yaya yake ce mini, rabi ladabi rabi tsokana. Yana da baki mai daɗi, yana kuma son a gan shi. Ina son sa kamar raina, ba na jin kunyar faɗa.

Ranar tafiya Inna ta ba kowannenmu goran ruwa, ta dafa kawunanmu ta ce, "Ku biyu na ba hanya, ku biyu nake so ta dawo mini da ku. Nomau, ka riƙe ƙanenka. Jatau, ka riƙe wanka."

Jatau ya ce, "Inna, ki sa ido. Da inuwa zan dawo miki a kafaɗa."

Bayan tafiyar wata guda muka faɗa Garin Mafitai. Mutanen wannan gari su ma zafi ya dame su, sai suka yi wata dabara. Duk garin suka zauna a da'ira ɗaya, kowa yana yi wa na gabansa fifita, na bayansa yana yi masa. Sun bar noma, sun bar saƙa, ba abin da suke yi sai kaɗa hannu. Wanda ya tsaya, ya sha ƙotar mafici a ƙeya. Baƙo kuwa in ya shigo, sai su cafke shi su cike gurbin wanda ya mutu. Haka suka yi mana. Kwana tara muna kaɗa iska mai zafi daga wuyan wani zuwa wuyan wani, har hannuna ya daina jin nawa ne.

Rana ta goma na tuna yadda Inna take naɗe randa da jiƙaƙƙen tsumma. Na roƙi ruwan alwala, na tsoma rigata ciki, na shanya ta kan sanduna biyu ta inda iska ke shigowa. Waɗanda ke bayan rigar suka ji wani sanyi da ba su taɓa ji ba, suka saki mafitai. Kafin ka ce me, da'ira ta watse, gari duka ya taru bayan riga ɗaya ana ture-ture da zage-zage. Muka sulale muka bar musu ita.

Da baya tsirara na shiga Hamadar Gishiri. A can ƙasa fara ce fat, rana tana dukan mutum ta sama ta kuma dawo masa ta ƙasa. Rana ta huɗu fatar bayana ta kumbura, na faɗi. Jatau ya tuɓe rigarsa ya sa mini, ya goya ni tun azahar har rana ta yi sanyi, yana waƙa don kada in suma. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku ce tun asali mugu ne. Ba haka ba ne, kuma shi ya sa abin ya fi ciwo.

Birnin Rassa kuwa, da hanci muka fara sanin mun iso shi. Iska ta taho da ƙanshin jiƙaƙƙen ganye tun ba mu ga ganuwa ba. Da muka shiga, sai ga kowane lungu rassa sun haɗu a samansa. Kowace unguwa tana da fili mai ciyawa, da kududdufi, da benaye waɗanda har kan rufinsu an yi shuka. Na tsaya a tsakiyar hanya na fashe da kuka, don na tuna numfashin Inna.

Aka kai mu wurin Iya Kuluwa, wata tsohuwa gajera mai faratai cike da ƙasa, wadda duk dashen garin yake hannunta. Ta ji labarinmu har ƙarshe. Da rana ta take, ta ce mu cire takalma mu hau wani faffaɗan dutse. Muka hau muka yi ta tsalle kamar an sa mu rawa. Ta ce mu sauko kan ciyawa. Muka sauko muka yi ajiyar zuciya.

Ta ce, "Rana ɗaya ce a kan duka biyun. To ku gaya mini, 'ya'yan nan, me ya sa ruwan randa ya fi na tasa sanyi?"

Na ce, "Don randa tana gumi, Iya."

Ta ce, "Ashe akwai hankali a garinku. Itace randa ne a tsaye. Yana jan ruwa daga ƙasa, ya yi gumi ta ganye, iska ta bi ta kansa ta huce. Ga inuwarsa ta hana ƙasa ɗaukar wuta. Asirin ke nan duka, ba laya ba tsafi. Amma ku ji da kyau: kada ku tara su wuri ɗaya bayan katanga. Ku warwatsa su lungu-lungu, wannan ya miƙa wa wancan iska, har ta zaga gari."

Mutanen Birnin Rassa suna da wata al'ada. Idan an haihu, sai a binne mabiyiyar jariri a dasa itace a kanta, a kira itacen da sunan yaron. Don haka a wurinsu dashe ba ya fita gari sai da suna. Iya Kuluwa ta jera mana dashe arba'in cikin ƙananan ƙoƙuna, ta ce in raɗa wa kowanne sunan mai rai. Na fara da Tabawa. Na bi da maƙwabciyarmu Gwamma mai daddawa, na yi ta bin ƙofofin unguwarmu da na wasu unguwanni, duk inda na san akwai tsoho ko jariri. Biyun ƙarshe na ce Nomau da Jatau.

Jatau ya ce, "Iya, babu na Sarki?"

Ta ce, "Wanda ya sare da hannunsa, ya zo ya roƙa da ƙafarsa."

Sannan ta kafa mana sharaɗi ɗaya. "A hanya, dashe ne zai fara sha kafin maƙogwaronku, ko da ɗigo ɗaya ya rage. Itacen da aka ɗauko da ƙishirwa yana yin girman shekara arba'in cikin kwana arba'in. Kuma yana sanin wanda ya yi masa ƙishirwar."

Muna fita gari, mutane suna ta zubewa suna gaida tsohuwar. Jatau ya taɓa ni ya ce, "Yaya, ka ga yadda ake faɗuwa a gabanta? A kan ganye kawai." Na yi dariya. Ban lura shi bai yi ba.

Muka raba dashen cikin kwando biyu, ashirin-ashirin, muka sake shiga hamada. Bazara tana matsowa, ina lissafin kwanakin Inna a raina ina ƙara sauri. Rana ta uku na ga nasa sun fara langaɓewa. Da muka tsaya shayarwa na sa ido, sai na ga ya juya mini baya, ya sunkuya kan kwando kamar mai zubawa, gora kuwa a bakinsa yake. Ban ce masa uffan ba. Na ce yaro ne, ƙishirwa ce, kunya za ta kama shi. Na riƙa shayar da arba'in ɗin duka daga gorana, ni in lashi abin da ya saura. Shirun nan da na yi shi ne babban kuskurena.

Rana ta bakwai, da tsakar rana, ƙafafuna suka ƙi. Jatau ya ja ni gindin wani dutse ya kwantar da ni, ya share mini fuska da hannun rigarsa.

Ya ce, "Yaya, kwanta a nan. Rijiya tana gaba kaɗan. Bari in tafi da dashen kada su mutu, in ɗebo ruwa in dawo maka kafin la'asar. Kawo goranka in ciko."

Na miƙa masa, har ina sa masa albarka. Na bi shi da ido, kwando ɗaya a ka, ɗaya a baya, har ya zama ɗigo a kan farar ƙasa. La'asar ta yi. Wata la'asar ta sake yi. Ina kwance ina addu'ar kada wani abu ya sami ƙanena a hanya.

Fataken gishiri ne suka tsince ni. Da suka ɗiga mini ruwa harshena ya motsa, abin da na fara tambaya shi ne ko sun ga wani mai kwando biyu. Madugunsu ya dube ni, ya kau da kai.

Ya ce, "Mun gan shi a rijiya. Ya sha, ya yi wanka, ya ci tuwonmu. Mun tambaye shi ko akwai wani a baya, don al'adarmu ce mu tambaya. Ya ce shi kaɗai ne."

Na sha rana, na sha ƙishirwa, na sha ƙotar mafici, amma ba abin da ya taɓa kwantar da ni kamar wannan magana. Fataken ba hanyarmu suka nufa ba. Suka ɗora ni kan raƙumi suka kai ni ƙasarsu, inda na yi wata biyar ina jinya. Ina kwance a ɗakin mutane bazara ta zo ta wuce.

Da na iso Birnin Marmara, dutse yana nan yana sheƙi, ko ganye ɗaya babu a hanya. Ƙofar gidanmu a rufe. Gwamma ta fito da ƙwarya a hannu, ta gan ni, ta saki ƙwaryar.

Ta ce, "Innalillahi! Nomau, kai ne ko fatalwa? An ce a gaban idonsa ka cika, shi ya binne ka!"

Na ce, "Gwaggo, ina Inna?"

Ta zauna a dakali ta rufe fuska da gyale, sannan ta faɗa mini komai. Jatau bai fara sauka a gida ba, fada ya wuce. Ya zube ya ce shi kaɗai ya ƙetare hamada ya kawo wa Sarki sanyi. Aka naɗa shi Sarkin Inuwa, aka ba shi alkyabba da gida kusa da fada. Dashen arba'in duka aka dasa su bayan katangar Sarki, aka sa dogarai a ƙofa.

Gwamma ta ce, "Da uwarka ta gama kukan mutuwarka, sai ta ce abu ɗaya take so, a ba ta dashe ɗaya ta sa a ƙofar gida ta riƙa kallo a madadinka. Sau uku tana zuwa ƙofar Jatau, ɗan nan, da ƙirjin nan nata. Na farko aka ce yana barci. Na biyu aka ce yana gaban Sarki. Na uku ya fito, ya ce, 'Inna, ki yi haƙuri, ba nawa ba ne yanzu.' A hanyar dawowa ta faɗi kan dutse, tsakanin kasuwa da gida. Ni na ɗauko ta."

Ban yi kuka a take ba. Na buɗe gida, na ɗauko tabarmar Inna na shimfiɗa a inda take shimfiɗa ta, na zauna kusa da ita a ƙasa. Gwamma tana ta ba ni labarin cewa dashen nan wata biyar ke nan ko ganye ɗaya ba su ƙara ba, duk da bayi suna kwarara musu ruwa safe da yamma, Jatau kuma kullum yana ce wa Sarki gobe. Ban damu ba. Sai na ji bakina yana kiran sunayen nan arba'in, kamar yadda nake kiran su a hamada in zan shayar da su. Ba da wata niyya na yi ba. Su kaɗai suka rage mini.

Ina cewa Tabawa, dutsen da ke gaban tabarma ya yi ƙara ya tsage. Wani ɗan kore ya leƙo. Na ce Gwamma, dutsen ƙofarta ya tsage. Haka na yi ta kira, ƙara tana amsawa daga lungu zuwa lungu har ƙarshen gari. Ashe duk watannin nan itatuwan ba sama suke girma ba. Saiwa suke turawa ta ƙarƙashin katanga, kowanne yana neman ƙofar mai sunansa. A ranar waɗanda ke cikin fada suka bushe ƙurmus.

Kwana arba'in bayan haka rassa sun haɗu a saman lungunanmu. Suka zubar da 'ya'ya, mata suka tsince suka shuka, maza suka kama ɓamɓare dutse suna mayar da fili. Iska ta fara yawo a gari mai sanyi, jakuna suka dawo da kansu. Sarki Ɓaidu ya tuɓe wa Jatau rawani ya kore shi. Daga baya shi ma ya zo da ƙafarsa, ya roƙi Gwamma wurin zama a gindin itacenta. Yakan zo da malfa a kan rawani, saboda balbela ta dawo.

A ƙofar gidanmu itace uku ne suka fito, don Jatau ba shi da wata ƙofa a duniya sai wadda aka raine shi. Na Inna a tsakiya, nawa a dama, nasa a hagu. Na ɗauki gatari sau biyu, sau biyu ina mayar da shi. Itacen bai yi mini komai ba, kuma ni na yi masa ƙishirwa.

Wata rana da azahar sai ga shi, ba alkyabba, ba takalmi, ya rame. Ya tsaya a bakin inuwa, ƙafafunsa a rana.

Ya ce, "Yaya."

Na ɗago kai na dube shi.

Ya ce, "Wallahi na yi niyyar dawowa. A rijiya na ce ai ka riga ka mutu, in na koma dashen ma za su mutu. Da na faɗa sau ɗaya, sai na kasa janyewa."

Na ce, "Ni na yafe maka hamada, Jatau. Ka taɓa goya ni a cikinta. Amma sau uku ta zo."

Ya ce, "Da na ba ta ɗaya, da Sarki ya..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi tabarmar, ya gane ta. Na nuna masa itacen hagu na ce, "Wancan naka ne. Ba ni da ikon hana ka."

Ya shigo ya zauna. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, ko zan ba shi ruwa. Na tashi na ɗebo moɗa ɗaya daga randar Inna. Ya miƙo hannu biyu. Na wuce shi, na durƙusa na zuba wa itacen Inna tukuna, kamar yadda aka koya mana mu biyu, sannan na miƙa masa abin da ya rage. Ya sha yana kuka.

Shekara talatin ke nan. Ga shi can, tsohon nan da ke jingine da itacen hagu yana yi kamar barci yake. Kullum yana zuwa, kullum ina ba shi ruwa bayan itace. Birni ya yi sanyi, jikokin waɗanda zafi ya kusa kashewa su ne ku. Kai mai jar hula, ja ƙafarka kaɗan. Tabarmar nan da ke tsakanina da shi ba a zama a kanta. Inuwa ta fi kauri a wurin, na sani. Don mai ita aka ɗauko ta.